Yadda Amurka Ta Yi Da Shekarun Shan Giya

Mu da Allah Ya sa abincinmu yake a ƙasar Kudu, ba sai an gaya mana yadda giya ta cika tasha da kasuwa ba. Ga ta nan a leda, kuɗin alewa, yaro ɗan firamare zai iya saye. Cikin Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC ta tashi hana giyar leda, kamfanoni da 'yan ƙwadago suka yi ca, aka ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2025. A wurinmu hukuncin giya sananne ne, yaro da tsoho duk haramun. Amma 'ya'yanmu suna hawa mota ɗaya da 'ya'yan maƙwabta, shi ya sa muka ga ya dace mu duba yadda wata ƙasa ta yi fama da zancen shekaru.

Amurka ta taɓa hana giya baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933, abin ya gagara, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi. Da aka janye dokar sai aka bar wa kowace jiha ta yanka nata shekarun, yawancinsu suka tsaya a 21. Haka aka zauna har yaƙin Biyetnam, lokacin da ake kwasar samari 'yan shekara 18 ana kai su fagen daga. A 1971 aka gyara tsarin mulki, aka ba ɗan 18 damar jefa ƙuri'a. Sai mutane suka ce to, wanda ya isa riƙe bindiga, ya isa zaɓen shugaba, ai ya isa riƙe kwalba. Tsakanin 1970 da 1975 jihohi 29 suka rage shekarun zuwa 18 ko 19 ko 20.

Ba a daɗe ba hanya ta fara ba da labari. Haɗarin mota na samari ya ƙaru a jihohin da suka rage, har mutanen Michigan suka jefa ƙuri'a a 1978 suka koma 21. Sai kuma wata ɓarnar ta ɓullo, domin wannan jiha ta ɗaga, maƙwabciyarta ba ta ɗaga ba. Illinois ta koma 21 a 1980, Wisconsin tana 18. Yaran Illinois su cika mota da dare su tsallaka iyaka, su sha su ƙoshi, sa'an nan su kamo hanyar gida a buge. Duk direban da ya san tafiyar dare ya san abin da ke biyo baya.

A watan Mayun 1980 wani direba a buge ya kaɗe 'yar wata mata mai suna Candy Lightner a Kalifoniya, yarinya 'yar shekara 13, ta mutu. Uwar ta kafa ƙungiyar mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda ake kira MADD. Abin lura, direban nan magidanci ne, ya haura 40, an sha kama shi a baya. Duk da haka ƙungiyar ta matsa a kan zancen shekaru, kuma ta yi nasara. Shugaba Ronald Reagan da fari bai so ba, yana ganin hurumin jihohi ne, amma ran 17 ga Yulin 1984 ya sa hannu.

Dabarar da aka yi irin ta 'yan kasuwa ce. Gwamnatin tarayya ba ta da ikon yi wa jiha dokar giya, sai ta ce duk jihar da ba ta koma 21 ba za a zabtare mata kuɗin gyaran manyan hanyoyi, kashi 5 cikin 100 da fari, daga baya kashi 10. Dakota ta Kudu ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kayar da ita a 1987, alƙalai 7 da 2. Kafin 1988 ta ƙare kowace jiha ta bi, Wyoming ce ta ƙarshe. Wa zai bar kuɗin titi saboda kwalba?

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta ƙiyasta cewa ƙa'idar 21 ta tsirar da rayuka fiye da 30,000 tsakanin 1975 da 2017. Masu suka suna cewa ba dokar kaɗai ba ce, akwai ɗamarar kujera da ingancin motoci, ga Kanada ta tsaya a 18 da 19 amma mace-macen hanya sun ragu a can ma. A 2008 shugabannin jami'o'i fiye da 100 suka sa hannu a wata takarda, John McCardell ne jagoransu, suna neman a sake duba dokar. Hujjarsu ita ce ɗalibai ba su bar sha ba, ɓuya suka koma. Su kulle ɗaki su ɗirka da yawa cikin gaggawa, su yi katin shaida na bogi, in wani ya faɗi a sume abokai su ji tsoron kiran asibiti.

Wannan magana tasu tana da nauyi, amma mu dai a ganinmu alherin dokar ya rinjayi. Wasu malaman tattalin arziki biyu, Carpenter da Dobkin, sun bi lissafin mace-macen matasa a 2009, suka tarar da zarar yaro ya cika 21 adadin yana tsalle da kusan kashi 9 cikin 100, haɗarin mota na kan gaba. Wato katangar tana tare wani abu ke nan, ko da ana tsallake ta. Kuma can mai sayarwa yana tambayar kati, don ya san lasisinsa na iya tafiya.

Takardar shugabannin jami'o'in ba ta sa an rage ko shekara ɗaya ba. Abin da jihohi da dama suka yi shi ne dokar afuwa: yaron da ya kira motar asibiti domin abokinsa da ya sha ya faɗi, ba za a gurfanar da shi a kan laifin shan ba.