Matsirgar Zainabi da Dajin da Yaƙi Ya Shuka

Mai karatu, mutumin da ya tashi a nan wajenmu, wato Riko da Jibiya da Magama, in ka ce masa a cikin Jihar Kano akwai inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, fari fat kamar an kwance rawani, sai ya ce ka fara ƙagen naku na marubuta. Ba laifinsa ba ne. Mu abin da muka sani shi ne yashin Gulbin Gada da dam ɗin da aka datse a kansa. To wurin yana nan, sunansa Zainabi, a cikin duwatsun Riruwai ta Ƙaramar Hukumar Doguwa. In daga Kano ka taso ba ka isa gare shi sai ka ratsa Dajin Falgore, bisa hanyar nan ta Jos wadda ta bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, tafiyar da ta haura kilomita 150.

Wanda ya je da damina ya san tun daga Falgore ƙasa ke sake kama. Doka da maje da kawo sun haɗe kai, iska ta yi sanyi, wani lokaci ka ga gwaggon biri zaune a bakin titi kamar mai jiran mota. Kafin ka ga matsirgar kunnenka zai fara jin ta, sannan feshinta ya taɓa maka fuska. Masu zuwa yawon buɗe ido sukan tsaya nan, su ɗau hoto, su ce Allah Ya yi halitta. Haka ne kuwa. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: ƙasa mai ruwa da ni'ima irin wannan, a jihar da ake rigima kan taki goma na gona, yaya aka yi ta zauna daji?

Amsar tana Ningi. A shekarun 1840 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda saɓani da hukuma kan kuɗin ƙasa, ya shige duwatsun Ningi da almajiransa, ya haɗa kai da mutanen dutse. Daga nan aka shiga shekaru wajen hamsin na hare-hare. Magadansa, irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya, suka riƙa faɗa wa kudancin Kano, su ƙone gari, su kama mutane. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya sha fita yaƙi da su, amma bai kashe wutar ba. Manomi kuwa ba ya shuka inda bai da tabbacin girbi. Sai ƙauyuka suka tashi, mutane suka koma garuruwa masu ganuwa, gonaki suka zama saura, saura ta zama kurmi, tsando ya shigo ya hana shanu zama.

Riruwai kanta ta ɗanɗana. Tun kafin Bature ya san hanyar, mutanen garin na wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwannin nesa. Rashin zaman lafiya ya sa wasu masu wannan sana'a suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauci, inda ake kira Riruwen Dalma. Irin waɗannan tsinkayen dalma ne Turawan kamfani suka gani a kasuwa, suka bi sawunsu har tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, suka tarar da daji shirye, ba su suka dasa shi ba. Abin da suka yi kawai shi ne shata masa iyaka. A shekarun 1940 aka mai da shi gandun daji da sunan Kogin Kano, domin kogin ta cikinsa ya ratsa. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ɗaga shi ya zama wurin killace namun daji, mai faɗin da ya kusa murabba'in kilomita 1,000, aka sa masu gadi, aka hana farauta. Ni a ganina Audu Baƙo ya san abin da yake yi, don ruwan da wannan daji ke tarewa shi ke gangarawa Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, shi ne kuma ke shayar da shinkafar Kadawa da Kura. Mai cin tuwon shinkafa a Kano yana da bashin Falgore a wuyansa ko bai sani ba.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo ga mutumin Jibiya ba, don namu Dajin Rugu haka aka haife shi. Bayan masu jihadi sun karɓe Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka kafu a Maraɗi, aka yi ta gwabzawa har zamanin Ɗan Baskore da bayansa. Ƙasar Ruma da ke tsakani ta watse, itace ya rufe kufai. Baturen nan Barth, da ake kira Abdulkarimu, ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 zai tafi Sakkwato, cikin ayari, ana tafe ana waige. Daga baya shi ma Rugu aka shata shi gandun daji da makiyaya.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, Riruwai ta yi sanyi. Masu gadin daji suka ragu, masu sare itace da masu gawayi suka yawaita, namun suka yi ƙaranci. Wajen 2015 sunan Falgore ya koma na ɓarayin shanu da masu tare hanya, direbobin Jos suna addu'a kafin su shiga, har a 2017 sojoji suka mai da dajin filin atisayensu. Namu ya fi muni. A Disambar 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka nausa da su daji, a 2021 kuma Gwamna Masari ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya hana motoci ɗauko itace daga daji. Wato wurin da Ɗan Baskore ya bi da dawaki, shi aka dawo ana bi da babura.

Duk da haka Zainabi ba ta daina zuba ba. Mai son ganinta da ƙarfinta ya je tsakanin Agusta da farkon Oktoba, don da bazara ruwan kan ragu ƙwarai. Ya ratsa Falgore da rana tsaka, ya tambayi direbobin Doguwa halin da hanya ke ciki a ranar, in ya isa Riruwai ya fara gaida masu gari su haɗa shi da ɗan jagora. Dutsen wurin akwai santsi, takalmin roba ya fi na fata.