Yadda ɗorawa ta sami sunan Bature

Wani mai karatu daga Sakkwato ya tambaya: me ya haɗa ɗorawa da Mungo Park, har masana suke kiranta Parkia?

Maganar ta faro daga Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a watan Maris 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mai tara tsirran ayarin, Dokta Oudney, ya riga ya rasu kusa da Katagum a watan Janairu. Busassun ganyen da suka tsira aka kai Landan, hannun Robert Brown, gwanin tsirrai na zamanin, wanda daga baya ya ba matashi Darwin shawara kafin tafiyarsa a jirgin Beagle. A 1826 Brown ya gane cewa itacen da Clapperton ya ji ana kira "doura" shi ne wanda Park ya gani a yamma, sai ya raɗa wa dangin sunan Park. Clapperton kuwa, wata fakara aka sa wa sunansa.

Irin wannan tara-tara ce, daga Amazon da tsibiran Indonesiya inda wani mai tara halittu, Wallace, ya yi shekara takwas, ta ciyar da ra'ayin sauyawar halittu da Darwin ya buga a 1859. Tambayarsu kullum ita ce: ina iyakar jinsi guda?

Ɗorawa ma ba ta tsira daga wannan gardama ba. A 1955 Ronald Keay ya ce tamu jinsi ce daban da ta yamma, ya kira ta Parkia clappertoniana. Wasu suka ce a'a, bambancin ganye ne kawai daga ƙasa zuwa ƙasa. Ni dai ina tare da su. Matar da ta dafa kalwa ta rufe ta kwana uku ta zama daddawa, ko maginin da ya jiƙa makuba don daɓe, ba su taɓa ganin ɗorawa biyu ba. Abin da ya fi damuna shi ne, Bello kansa ya rubuta littattafai kan magani, amma babu ganye guda da aka sa wa sunansa a tafiyar Clapperton.

Clapperton ya dawo, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827. A shekarun 1980 masana suka haɗe sunayen, aka koma Parkia biglobosa.