Jan Goro da Idon Na'ura: Dacewar Manhajojin Gano Kansar Baki ga Hausawan Totsi, Lome

Tsakure

Maƙalar ta duba ko manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu tantance kansar baki daga hoton wayar salula za su yi aiki a Totsi yadda suke yi a inda aka ƙera su. Matsayarta ita ce sai an sake koya musu bakin mai cin goro.

Gabatarwa da bitar ayyuka

Alƙaluman GLOBOCAN na 2020 sun nuna mutum 377,713 sun kamu da kansar leɓe da baki a duniya, 177,757 sun mutu. Akasari ba a gano ta sai ta yi nisa. Masu goyon bayan manhaja kan kafa hujja da gwajin Kerala ta Indiya, wanda Sankaranarayanan da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 2005, inda duba baki ya rage mace-mace da kashi 34 cikin ɗari tsakanin masu taba ko barasa. Da su muke ja. A Kerala ba na'ura ta yi aikin ba, ma'aikatan lafiya ne da ido da fitila, kuma akwai asibitin da ke jiran wanda aka tura. Manhajar MeMoSA ta Malesiya da ayyukan mai bincike Birur a Indiya sun zo daga baya, kuma yawancin hotunansu na bakunan Asiya ne.

Hanyar bincike

An bi waɗannan ayyuka aka kwatanta yanayin da aka tara hotunansu da al'adun taunawa na Hausawan Lome.

Sakamako

Babban abin da ya fito shi ne launi. A Indiya da Malesiya ƙwallon areka da ake haɗawa da ganyen betel ne ke rina baki ja, kuma hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa kansa. Ke nan a hotunan da na'ura ta koya, jan baki da cuta sukan zo tare. Na'ura ba ta san dalili ba, abin da ya yawaita take riƙewa.

A zangon Hausawa kuwa jan baki labari ne dabam. Goro shi ne gaisuwa, shi ne ɗaurin aure da suna, kuma fataucinsa na cikin abin da ya riƙe zangon Lome, kamar yadda Michel Agier ya nuna a 1983. Dattijon da ya shekara arba'in yana tauna shi haƙoransa sun rine, matar da ke goga furen taba ta fi shi ja, alhali IARC ba ta sa goro a jerin areka ba. Ƙara da baƙin dasashi, wanda halitta ce ga baƙar fata. Ana iya hasashen manhajar za ta yi ta ƙararrawa kan lafiyayyu. Kowace ƙararrawar ƙarya kuɗin zemijan (acaɓa) ce zuwa asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin, da wunin kasuwa da ya salwanta. Unguwa ba ta mantuwa: in aka tura mutum biyar a banza, na shida mai gyambon gaske zai ce sai an kwana biyu.

Haɗarin gaskiya kuwa yana ɓoye, a lungun leɓe da gefen harshe inda ake cusa taba gari mai kanwa, wurin da hoton gaggawa bai cika kamawa ba. Haka ƙarin amelobilastoma, wanda likitocin haƙori na Afirka ta Yamma suka saba gani, daga cikin ƙashin muƙamuƙi yake tasowa, sai hoton ƙashi.

Iyakokin bincike

Za a ce ba a gwada manhaja kan marasa lafiya a nan ba, kuma haka ne, hujjar ta kwatance ce. Amma nauyin gwaji na kan mai kawo kayan, kuma gwajin yana buƙatar hotunan bakunan Totsi waɗanda aka tabbatar da sakamakonsu ta hanyar yankar tsoka a duba a ɗakin gwaje-gwaje.