Hotuna 22 da Suka Sanyaya Gwiwar Jama'a

A watan Yuli na 1965 ne kumbon Amurka, Mariner 4, ya gifta ta kusa da duniyar Mars, ya aiko da hotuna 22 masu dishi-dishi. Tun zamanin masanin taurari Percival Lowell mutane da yawa suke zaton akwai magudanan ruwa a can, har da masu haƙa su. Sai ga ramuka fayau, tamkar doron wata. Gwiwar jama'a ta yi sanyi, alhali kuwa gaggawar yanke hukunci aka yi, domin abin da kumbon ya ɗauka bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na doron duniyar ba. Sai da Mariner 9 ya nuno manyan duwatsu masu aman wuta da busassun koramu a 1972, sannan sha'awar ta farfaɗo.