Neman aiki a Google: yadda abin yake a zahiri

Saƙonni na yawo a WhatsApp cewa Google na ɗaukar matasa aiki, a aika jaka goma ko ashirin kuɗin dosiye. Kafin wani ya saida akuyarsa, bari mu faɗi yadda kamfanin ke ɗaukar injiniyoyinsa.

Larry Page da Sergey Brin ne suka kafa Google a 1998, cibiyarsa na Mountain View, jihar Kalifoniya a Amurka. A Afirka yana da wurin bincike kan ƙirƙirarriyar basira a Akara, ƙasar Gana, wanda ya buɗe a 2019.

Ba konkur ba ne irin namu, da ake tara ɗaruruwa a aji guda. Mutum zai ga aikin a shafin kamfanin, ya aika takardar da ke nuna karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. In ta burge su, jami'in ɗaukar ma'aikata zai kira shi. Daga nan sai gwajin farko ta bidiyo, kamar minti 45.

A nan ne gizo ke saƙar. Wani injiniya zai ba shi matsala, misali a tarin lambobi ya gano biyun da jimlarsu ta ba da adadi kaza, kuma ya rubuta umarnin kwamfuta da zai warware ta nan take, ana kallonsa. Samun amsa kaɗai bai isa ba. Ana son ya riƙa faɗin tunaninsa da baki, ya yi tambaya in bai gane ba, ya kuma nuna ko dabararsa za ta yi sauri in lambobin sun kai miliyan. Wanda ya yi shiru yana ta lissafi a zuci, ko ya iya, yakan faɗi. Mu da aka tarbiyyantar kan kunyar magana gaban manya, wannan sai an koya. Kuma galibi da Ingilishi ake yi, don haka ɗan lakwal da ya tashi da Faransanci yana da ƙarin aiki.

Wanda ya haye zai sake zama huɗu ko biyar irin wannan, har da tambayoyi kan yadda yake aiki da mutane in an samu saɓani. Kowane mai gwaji zai rubuta rahotonsa, sannan wani kwamiti da bai gana da mai neman aikin ba ya karanta, ya yanke hukunci. Abin kan ci makonni, wani sa'in watanni. Ke nan duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, a ba shi na goro, ƙarya yake. Kamfanin ba ya karɓar ko dala ɗaya daga mai neman aiki.

To in an samu fa? Albashi na da tsoka, wani ɓangare ana biyansa da hannun jari, abinci kyauta ne a wurin aiki. Amma kuɗin hayar gida a yankin yana cinye kaso babba, ana kuma auna ƙoƙarin kowa a kai a kai. Sannan ba aikin gwamnati ba ne: a watan Janairun 2023 shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 12,000 a lokaci guda.

Baƙo da ke aiki a Amurka da bizar H-1B, zamansa na ɗaure da aikinsa. In an sallame shi, kwana 60 kawai doka ta ba shi ya samu wani kamfanin da zai ɗauke shi ko ya sauya takardunsa, in ba haka ba sai ya tattara ya bar ƙasar. Iyaye, in kuka ji aiken wata ya yi jinkiri, ku fara tambayar ɗanku ko aikin na nan.