Alamar Shekaru da Fina-finan Ban Tsoro: Nazari Daga Unguwar Gidan Dare a Sakkwato

Tsarin kasa fina-finai bisa shekarun masu kallo, wato alamar da hukuma ke liƙa wa fim domin nuna mafi ƙarancin shekarun wanda ya dace ya kalle shi, ya ginu ne a kan zato biyu waɗanda ba kasafai ake faɗinsu a fili ba. Na farko shi ne akwai ƙofa tsakanin fim da mai kallo, kuma a bakin ƙofar akwai wanda zai iya mayar da yaro gida; na biyu kuwa shi ne abin da ke tsorata ɗan shekara 14 iri ɗaya ne ko'ina a duniya. Wannan maƙala tana ganin cewa zaton nan biyu ba su tsaya da ƙafafunsu ba a unguwa irin Gidan Dare da ke birnin Sakkwato, kuma raunin nasu ya fi bayyana a fina-finan ban tsoro.

A Nijeriya, alhakin wannan aiki yana wuyan Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 85 ta 1993, shekara guda bayan fitowar fim ɗin Living in Bondage, wanda ya yi tashe da labarin tsafin neman kuɗi. Alamomin hukumar sun fara daga G, wato fim na kowa da kowa, da PG, wanda ake so iyaye su sa ido a kai, sai 12 da 12A da 15 da 18, sannan RE ga fim ɗin da aka taƙaita wuraren nuna shi. Tsarin ya yi kama da na Ingila, inda a 1932 aka taɓa ware wa fina-finan firgitarwa harafin H. A Amurka ma irin wannan damuwa ce ta haifar da alamar PG-13 a 1984, bayan iyaye sun koka a kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom. Ke nan matakin da ke tsakanin ƙuruciya da manyanta fina-finai masu firgitarwa ne suka tilasta aka yanka shi, kuma an yanka shi ne daidai da ƙofar gidan sinima.

Matashin Gidan Dare ba ta wannan ƙofa yake shiga ba. Yakan je shagon masu tura fina-finai ne, wato masu kwamfuta cike da fina-finai waɗanda ke kwafa wa mutum abin da ya zaɓa a waya ko a memori a kan 'yan kuɗi kaɗan, ko kuma abokinsa ya tura masa ta manhajar Xender ba tare da ko sisi ba. A wannan hanya fim yakan iso tsirara: babu kwali, babu fasta, sau da yawa ma an yanke 'yan daƙiƙoƙin farko da ke ɗauke da takardar hukuma, abin da ya rage sai sunan da mai shago ya raɗa masa da kalmar “fassara” a gefe. Mai turawa ba ya tambayar shekaru, domin tambayarsa ita ce na faɗa ake so ko na soyayya ko na aljanu. Da dare kuma wayar da yaya ɗan shekara 17 ya cika ita ce ƙannensa uku ko huɗu za su kewaye a zaure ko a kan tabarma a tsakar gida, har da wanda bai gama firamare ba, don haka ko da alamar 15 ta tsira, ba ta san fuskokin da suka taru a kan allo ɗaya ba.

Fassarar da ake wa fina-finan Indiya da na wasu ƙasashe, wadda kamfanoni irin su Algaita na Kano suka shahara da ita, ta ƙara wani abu da masu tsara alamomin ba su lissafa da shi ba. Mai fassara ba harshe kaɗai yake sauyawa ba, har da matsayin abin tsoron: halittar da a asalin fim take cikin camfin wata al'umma mai nisa, da zarar an kira ta aljana ko fatalwa ko mayya, ta bar ƙasarsu ta shigo cikin abubuwan da yaro ya taso yana jin labarinsu a gida.

A nan ne zato na biyu ke rushewa. Binciken Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa ƙananan yara sun fi firgita da munin siffa, ko da halittar ba ta da cutarwa, amma yayin da suke girma tsoronsu yakan koma ga abin da suke ganin zai iya faruwa da su a zahiri. Saboda haka mai tace fim a Landan zai iya yin sassauci ga labarin ruhohi idan babu jini a ciki, bisa tunanin cewa matashi ya san ƙage ne. To amma ga matashin Sakkwato samuwar aljanu ba ƙage ba ce: akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu, ya san masu ruƙiyya, wato masu karanta ayoyi ga wanda ake zaton aljani ya shafe shi, kuma ya ji labarin ɗaliban da suka faɗi a makarantun kwana. Mai bincike Conerly Casey ta yi rubutu a kan irin wannan faɗuwa da ta auku a makarantun 'yan mata na Kano a tsakiyar shekarun 1990, wadda jama'a suka danganta da aljanar da ake kira Sumbuka. Idan aka bi ma'aunin Cantor ɗin kansa, fim ɗin shafar aljanu a wannan muhalli yana cikin rukunin barazanar zahiri, kuma yana iya hana yarinya barci fiye da fim ɗin da aka zubar da jini a cikinsa, wanda kowa ya san jan ruwa ne.

Wannan ba hujja ba ce ta haramta wa matasa ban tsoro ɗungurungum, ko da yake can ne hukumomi suka fi karkata. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi sanuwa da yankewa da dakatarwa a kan sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata fiye da kasa fina-finai bisa shekaru, kuma a 2024 hukumar ƙasa, ƙarƙashin Shaibu Husseini, ta sanar da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi da kisan tsafi da shan taba a fina-finai. Irin waɗannan matakai suna kama wanda ya kai fim ɗinsa a tace, su bar wanda bai taɓa kaiwa ba. Bayan haka, Bahaushe bai taɓa raba yara da tsoro ba. Tatsuniya da dare ake yin ta, Dodo kuma yana haɗiye mutane a cikinta, sannan waƙoƙin wa'azi na malaman jihadin Sakkwato sun siffanta azabar kabari da ta wuta ba tare da sakayawa ba. Bambancin shi ne kaka mai tatsuniya tana ganin idon jikanta, tana rage murya ko ta gajarta labari idan ta ga ya fara maƙalewa a jikinta, kuma tana rufe labarin da kalmar da ke shaida cewa an dawo duniyar gaske. Waya ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ita kanta lambar shekarun da ke kan alamar ba ta faɗa wa uba ko uwa komai. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne abin bi a Sakkwato, ana gane balaga da alamomin jiki, sai idan ba su bayyana ba ake komawa ga shekara 18 a mashhurin zance, don haka iyaye da yawa sun fi auna hankalin yaro da girman jikinsa fiye da ranar haihuwarsa. Abin da zai yi musu amfani shi ne bayanin abin da ke cikin fim: ko akwai yanka da fitar jini, ko shafar aljanu, ko tsafi da sassan jikin mutum, ko fyaɗe, ko kashe kai, domin waɗannan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma biyun ƙarshe sun fi dodo haɗari ga mai shekara 13 zuwa 17.

Wurin da ya dace a sa wannan bayani shi ne bakin mai fassara, tunda muryarsa ce kaɗai ke bin fim duk inda aka tura shi, kuma dama yakan buɗe da gaisuwa da tallan kamfaninsa. Jimla biyu da Hausa a farkon fim, a maimaita su a tsakiya inda almakashi ba ya kaiwa, za su isa zauren da alamar hukuma ba ta taɓa isa ba. Ya kamata hukumar ƙasa da ta Kano su sanya wannan cikin sharuɗɗan lasisin masu fassara, ƙungiyoyin masu tura fina-finai a Sakkwato kuma su riƙa ware na ban tsoro a jaka ta daban, su tambayi yaro wa zai kalla tare da shi kafin su tura.