Addinin Kirista da Haɗin Kan Ƙasashen Turai

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma, duk wanda ya zauna ajin tarihi zai tuna yadda muka sha haddar yaƙe-yaƙen Turai. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda aka yi Faransa da Jamus suka ajiye makamai.

Bin addini ɗaya bai hana Turawa faɗa ba. Tun da Paparoma Leo na Uku ya naɗa Charlemagne sarauta a Rum a shekarar 800 ake burin tara Kiristocin nahiyar a inuwa ɗaya. Duk da haka, daga 1618 zuwa 1648 'yan Katolika da 'yan Furotesta sun shafe shekara 30 suna zubar da jinin juna. Faransa da Jamus kuwa sau uku suka gwabza tsakanin 1870 da 1945.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka dace da mutum uku a kan mulki: Robert Schuman, ministan harkokin wajen Faransa, da Konrad Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, da Alcide De Gasperi, firayim ministan Italiya. Dukkansu 'yan Katolika ne masu riƙo da ibada, kuma kowannensu ya ɗanɗana ɗauri. 'Yan Nazi sun tsare Schuman da Adenauer, gwamnatin Mussolini ta ɗaure De Gasperi. Addininsu ya hore su da yafiya, kuma ya sa sun amince da juna a lokacin da talakawansu ba su huce ba.

Ran 9 ga Mayu, 1950, Schuman ya gabatar da shirin da Jean Monnet ya tsara, cewa a sa kwal da ƙarfen Faransa da Jamus ƙarƙashin hukuma ɗaya, tunda da su ake ƙera makamai. A 1951 ƙasashe shida suka sa hannu a Paris: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Luxembourg. Yarjejeniyar Rum ta biyo baya a 1957, kuma daga wannan tushe Tarayyar Turai ta tsiro. A 1962 Adenauer da Janar de Gaulle suka yi ibada tare a majami'ar Reims, wadda igwogin Jamus suka ragargaza a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Imani ne ya buɗe zukatan shugabannin nan, su kuma suka ƙulla yafiyar da yarjejeniya a rubuce don kada ta warware bayansu. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take. Allah Ya bar mu tare.